Kantar littattafaina ta ƙi shan launi, ga teburin Baba yana kallonta

Baban Safiyya, Gwale:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar kafintoci da masu feshi, ko duk wanda ya taɓa jefa kansa cikin irin abin da na jefa kaina.

Da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kowa a cikin 'yan'uwa ya nufi abin da ransa ke so, ni kuwa na ce a bar mini teburin karatunsa, a lissafa shi a kasona. Tebur ne na maɗaci, mutum biyu ba sa ɗaga shi sai da nishi. Tun ina firamare nake ganinsa a ɗakin Baba, a kansa yake duba littattafan ɗalibai har dare ya raba. Launinsa ya yi duhu, tsakanin ruwan hanta da ruwan makuba, idan hasken la'asar ya shigo ta taga sai ka ga wani ja yana leƙowa daga ƙarƙashi. Akwai shatin gindin kofin shayi a kusurwar dama, da tabon tawada kusa da durowa.

Wata uku da suka wuce na ba wani kafinta a unguwarmu aikin kantar littattafai, tsayi ƙafa shida, faɗi ƙafa huɗu, hawa biyar. Ya ce mini firam ɗin da allunan hawa malaina ne, gefe biyu da baya kuma filawud. Aiki dai ya yi, ba ta girgiɗi, ba ta karkace ba. Matsalar launi ce. Na ce masa ina son ruwan katako, a raina ina nufin irin na teburin Baba, shi kuma ya ɗauka a bar katako da kalarsa, sai ya sa abin da ya kira banish. Ta zo mini rawaya-rawaya tana ƙyalli. Laifina ne, ban kai shi ya ga teburin ba. Da aka jera su a ɗaki ɗaya Maman Safiyya ta dube su ta ce kamar an ajiye kantar kemis kusa da teburin alƙali.

Asabar ɗin da ta wuce na shiga Ƙofar Ruwa na sayo ƙaramin gwangwanin siten, wato ruwan rina katako, ruwan ƙasa mai duhu, irin na mai. Na dawo na naɗe hannun riga, na yagi tsohuwar singileti na shafe gefen hagu tun daga sama har ƙasa. Da farko har na fara murna. Da na zo gogewa kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, sai duk launin ya biyo tsumma, rawayar ta dawo tana mini dariya. Na ce to bari in lafta in bar shi haka. Yau kwana huɗu bai bushe ba. Danƙo yake yi, ƙurar hunturu ta manne masa, ƙanen Safiyya ya je ya dafa, ga shatin yatsu biyar nan kamar an buga hatimi.

Yanzu da me zan cire wannan ɗanyen aikin ba tare da na lalata na ƙasa ba? Kuma akwai yadda za a yi kantar ta yi duhu ba sai an kankare ta gaba ɗaya ba? Maƙwabcina ya ce in nemo baƙin mai a wurin makanikai, wai da shi ake yi a garinsu. Ni kuma har na fara tunanin a kwashe su duka biyun, tebur da kanta, a kai wa mai feshi ya fesa musu kala ɗaya a huta. Ku taimaka kafin in ƙara wata ɓarnar.

Tsohon Kafinta, Na'ibawa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.

Ɗana, ba kai ne na farko ba. Siten ba fenti ba ne, shi sai katako ya sha shi. Kai kuwa ka zuba wa katakon da aka riga aka toshe wa baki. Abin da kafintanka ya sa ya rufe duk ƙananan ƙofofin da ruwa ke shiga, ya zama kamar ka shafa mai a kan gilashi. Kuma shi siten ɗin mai ba a yi shi don ya zauna da kauri ba, an yi shi ne a shafa, a jira minti biyar zuwa goma, a goge rarar. Wanda ka lafta ɗin nan ko ka ba shi mako biyu zai ci gaba da kama hannu.

Ka samu kananzir kaɗan a tsumma mai tsabta ka goge, kana juya tsumman, zai fita. Kar ka kusanci wurin da tina, ruwan nan mai ƙarfi na tsinka fenti, don ita za ta narkar har da na ƙasan.

Idan ya fita, kafin ka yi komai ka san mene ne a jikin kantar, domin yaran yanzu duk abin da ke ƙyalli banish suke ce masa. Ka je bayanta inda ido ba ya kaiwa, ka ɗiga tina a auduga ka ɗora na ɗan lokaci. In ya narke nan take ya yi yauƙi, to selulos ne, irin wanda ake fesawa. In ya yamushe kamar fatar tsohuwa, banish ne na mai. In ko bai ce komai ba, to mai tauri ne irin su foliyuretan. Wannan gwajin shi zai gaya maka hanyar da za ka bi.

Ni dai a koyon da na yi, launi mai kyau a cikin katako yake zama, ba a samansa ba. Don haka shawarata a kankare firam ɗin da allunan hawa har a iske ɗanyen katako. Mu da fasasshen gilashin taga muke kankara, yanzu akwai ruwan cire fenti a kasuwa, amma a yi shi a waje kuma a sa safar hannu. Bayan nan samfefa lamba 120, sannan 180, ka tsaya a nan. Wasu suna ganin in sun kai 320 ko 400 aiki ya fi kyau, alhali suna goge fuskar katakon ne ta yi santsi har ta ƙi shan launi. Ka bi tsawon jijiya, kar ka gitta. Duk karcen da ka yi a gicciye ba za ka gan shi a farin katako ba, sai ka sa launi mai duhu ya fito ɓaro-ɓaro. Mutane suna cewa duhu yana rufa asiri. A katako tona shi yake yi.

Da ka gama samfefa, ka jiƙa tsumma da ruwa ka matse ka share ko'ina. Abu biyu za ka samu. Gashin katakon zai miƙe, in ya bushe ka bi shi da 180 a hankali. Sannan duk inda gulu ya ɓullo a mahaɗa aka shafe shi da yatsa zai nuna kansa, don ruwa ba zai jiƙa wurin ba. Inda ruwa bai shiga ba launi ma ba zai shiga ba, sai ka kankare wurin tun yanzu.

Farin katako irin su malaina da obece ba sa shan launi daidai, wani wuri ya zuƙa, wani wuri ya ƙi, sai aiki ya fito dabbare-dabbare. Maganinsa ka samu sila, wato abin da ake fara shafawa don toshe ƙofofin katako, ka tsinka ta da tina ta yi ruwa-ruwa sosai, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ka shafa hannu ɗaya, ta bushe, ka ɗan bi ta da samfefa, sannan launi. Bakin yanka, wato inda zarto ya datse katako, ya fi ko'ina ƙishirwa, ka ba shi hannu biyu na silar, in ba haka ba zai yi baƙi ƙirin ya bar sauran.

Batun kama launin teburin kuma, gwangwani ɗaya ba zai ba ka ba. Ka ce kana ganin ja a ƙarƙashi, to haka tsohon maɗaci yake. Sai ka fara da ja-ja mai ruwa-ruwa, ya bushe ya kwana, sannan ka ɗora ruwan ƙasa mai duhu ka goge. Ka roƙi kafintan ya ba ka guntayen malainar da suka rage, ka gwada a kansu har da abin ƙyallin da za ka sa a ƙarshe, ka kai su ɗakin ka ɗora a kan teburin da rana. Kar ka yanke hukunci a hasken ƙwan lantarki.

Filawud ɗin kuwa ka yi hattara. Fatar samansa ba ta kai kaurin farce ba, samfefa kaɗan za ta huda ta, kuma in ta huje babu gyara.

Da can mai son kaya masu duhu katako mai duhu ake yanko masa, maɗaci ko maɗobiya ko loko, wanda da kansa yake rinewa daga rawaya zuwa ruwan ƙasa in ya sha haske. Maɗobiya dai kun san labarinta, wajen 2014 zuwa 2017 aka yi ta lodinta daga dazukan Taraba ana kai wa China, masu sararta a Taraba suna ce mata madrid. Yanzu mun koma rina malaina muna kiranta da sunan manya.

Na Layin Gareji:

Malam kar ka wahalar da kanka da wannan dogon lissafin. Maƙwabcinka gaskiya ya faɗa maka. Bencin da ke ƙofar garejinmu baƙin mai muka shafa masa, shekara nawa yana shan ruwa da rana, gara ko kallonsa ba ta yi. In kana son ya fi haka kyau ka samu ɗan guntun kwalta ka jiƙa a fetur ya narke, ka tace, ka shafa. Kala ce mai kyau wallahi, kuma kusan kyauta.

Mai Feshi, Panteka Kaduna:

Na Layin Gareji, don Allah ka bar bencinka a ƙofar gareji. Baƙin mai ba ya bushewa har abada. Duk littafin da aka jingina zai sha mai, duk farar rigar da ta goga ta tafi, ɗaki ya riƙa warin injin, ga dattin ƙarfe da guba da ke cikinsa a ɗakin da yara ke shiga. Mafi muni, ranar da Malam ya gaji ya ce a gyara, babu sila ko banish da zai kama jikin katakon. An taɓa kawo mini ƙofa irin wannan, na fesa sau uku yana tsattsagewa kamar ruwa a bayan agwagwa, ƙarshe na mayar wa mai ita kuɗinsa. Ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago ke nan. Kwaltar kuwa ba ƙarya ka yi ba, tsofaffin masu aiki suna amfani da ita kuma tana ba da ruwan ƙasa mai daɗin kallo, amma a ɗanyen katako, siriri, kuma tana tasowa ta gauraye da abin da ka ɗora a kanta in ba ka iya rufe ta ba. Ba aikin mai koyo ba ne, balle da fetur a cikin gida.

Baba Tsohon Kafinta, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka yi mini izini in saɓa maka a wuri biyu.

Na farko kananzir. Yana cirewa, amma yana barin maiƙo, kuma maiƙo shi ne babban abokin gabar feshi. In akwai tafentain, wato ruwan tsinka fentin mai, ya fi. In kananzir ɗin ne a hannu, to bayan an gama a bi wurin da tsumma mai ɗan ruwan sabulu a matse, a sake bi da na ruwa zalla, a bar shi kwana biyu.

Na biyu, ba dole sai an kankare ba. Malam ya tambaya ko akwai wata hanya, akwai. Launi yana iya zama a cikin katako, yana kuma iya zama a cikin abin ƙyallin. Mu a nan kullum shi muke yi: ka zuba kala kaɗan a cikin selulos ɗin da ka tsinka, ka fesa siriri-siriri. Hannun farko da ƙyar za ka ga canji, na biyu ya fara, na uku ko na huɗu ka iso inda kake so, sannan ka rufe da marar kala hannu biyu. Amfaninsa, babu dabbare-dabbare, domin katakon bai sha komai ba, kuma malaina da filawud za su fito kala ɗaya, abin da siten ba zai taɓa yi maka ba tunda kowannensu da yadda yake sha. Illarsa kuma ba zan ɓoye ba: duk hannun da ka ƙara yana dusashe zanen katako, in ka zarce sai ya koma kamar fenti. Kuma ranar da wani abu ya karce shi, farin ƙasa zai leƙo.

Sharaɗin shi ne gwajin da Baba ya faɗa. In selulos ne a jiki, sabon zai narke cikin tsohon su zama ɗaya, sai dai a ɗan bi shi da 320 tukuna. In banish ɗin mai ne, kar wanda ya fesa masa selulos, tattarewa zai yi. Sai dai a samu banish irinsa, a zuba masa siten ɗin da ka riga ka saya kaɗan, kar ya wuce kashi ɗaya cikin goma, a shafa da buroshi mai laushi siriri, kowane hannu ya kwana. Ana yi, amma shatin buroshi yana fitowa da duhu, sai mai haƙuri.

Wani abu kuma, in Maman Safiyya tana fesa wa kantar irin folish ɗin gwangwanin nan na goge kayan ɗaki, ka gaya wa mai feshin tun wuri. Yawancinsu akwai silikon a ciki, shi ke sa feshi ya yi ƙananan ramuka kamar idon kifi.

Lokacin ma ya yi maka daidai ta wani gefen. Da damina laima tana sa selulos ya yi fari-fari kamar hazo. Yanzu da hunturu ba wannan, sai ƙura. A yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a yi da safe kafin iska ta tashi, a toshe hanci da abin kirki, kuma kar a kunna ko ashana a kusa.

Ɗan Majema:

Yaya Baban Safiyya, ni ba kafinta ba ne, gidanmu gidan fata ne, amma bari in sa baki don abin da zan faɗa ya shafi katako.

Kowa ya san da bagaruwa ake jima. To baƙin da dukawa ke sa wa fata, wanda muke kira kuloko, asalinsa ruwan ƙarfe ne. Shi kansa ba baƙi ba ne sosai, sai ya haɗu da abin nan mai bauri da bagaruwa ta bari a jikin fata sannan ya rikiɗe. Wannan baurin akwai shi a ganyen shayi, akwai shi a makuba da ake daɓe da ita, akwai shi a cikin wasu itatuwa. Shi ya sa in ƙusa ta yi tsatsa a jikin maɗaci mai laima kake ganin baƙin zobe ya kewaye ta.

Na gwada a kan wata 'yar akwati ta farin katako. Na daka 'ya'yan bagaruwa kamar cikin hannu biyu, na tafasa a ruwa, na tace da ƙyalle, na shafa sau biyu ina bari yana bushewa. Daman kwana biyar kafin nan na jiƙa soson ƙarfe a farin ruwan khal a cikin kwalba. A nan akwai abin lura guda biyu. Soson ya zama irin mai yin tsatsa, don na silba mai ƙyalli ɗin nan ko wata zai yi a ciki ba abin da zai faru, in ba ka samu ba tsofaffin ƙusoshi ma suna yi, sai dai sun fi jinkiri. Kuma kar ka ɗaure murfin kwalbar, iska take fitarwa, tana iya fashewa. Da na tace na shafa a kan bagaruwar, ina tsaye katakon ya fara rinewa a gabana, kafin minti goma ya zama baƙi mai ɗan shuɗi-shuɗi, kuma duk zanensa yana nan ana gani, don ba wani abu aka ɗora a kai ba, katakon ne da kansa ya canza.

Amma gaskiya, Yaya, wannan ba zai ba ka jan teburin Baba ba. Baƙi yake bayarwa, in ka tsinka shi da ruwa ya ba ka toka-toka mai duhu. Kuma shi ma sai a ɗanyen katako. Na kawo shi ne don in wata rana kana son abu baƙi ka san ba sai ka je kasuwa ba. In ka yi, ka bar shi ya bushe sosai kafin ka rufe shi da sila.

Maman 'Yan Biyu:

Baban Safiyya, duk sun amsa maka batun kanta, ba wanda ya tsaya a kan maganar da ta fi tayar mini da hankali, wai a kai teburin Baba a fesa. Don girman Allah kar ka yi.

Ni na yi, shi ya sa. Kabad ɗin mahaifiyarmu da aka kai ta ɗaki da shi, lokacin bikin ƙanwata na ce a sabunta shi ya shiga cikin kaya. Aka kankare, aka fesa masa ruwan hanta mai ƙyalli. Ya dawo sabo fil, ba wanda zai ce ba jiya aka yi shi ba, kuma tun daga ranar ban sake jin na Inna ba ne. Wurin da hannunta ya cinye a jikin murfin saboda buɗewa da rufewa, duk ya tafi. Wanda ya yi aikin ma da ya kankare sai ga katakon ya fito da haske, ya ce mini ai duhun nan na sama-sama ne, shekaru da haske ne suka yi shi, ba a sayar da shi a gwangwani.

Shatin kofin nan da tawadar ka bar su. Kanta ce baƙuwa, ita za ta bi tebur.

Sannan duk abin da za a shafa ko a fesa, a fitar da ita daga ɗakin, kar a mayar sai warin ya tafi, musamman in akwai mai asma. Tsummokaran da kuka yi aikin mai da su kuma kar a dunƙule su a jefa a kwali, irin mai ɗin nan yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya su a waje ɗaya-ɗaya ko a tsoma a ruwa.

Baban Safiyya, Gwale:

Jama'a na dawo, mako uku ke nan. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Hajiya Maman 'Yan Biyu, ki kwantar da hankalinki, teburin bai motsa daga inda yake ba. Na karanta wa Maman Safiyya abin da kika rubuta, ta ce daman ita ba ta ce a taɓa shi ba, ni ne da rawar kai. Tsumma mai laushi kawai na sa na share shi.

Danƙon ya fita da tafentain, na samu a Ƙofar Ruwa, tsumma huɗu ya ci. Na yi gwajin Baba Tsohon Kafinta a bayan kantar, kafin in ƙirga goma auduga ta manne, wurin ya narke. Ashe selulos ne. Da na gaya wa kafintan sai ya ce ai shi ne banish ɗin.

Daga nan na tsaya tsakanin maganar Baba da ta Mai Feshi, na rasa wadda zan bari, sai na raba musu kantar. Firam da bakin allunan hawa, wato inda ido ke fara sauka kuma inda hannu da littafi ke gogawa, muka kankare ni da yaron kafintan, yini biyu. Gefe biyu na filawud da bayan kuwa ban yarda samfefa mai kaushi ta taɓa su ba, aka bar wa mai feshi. Na ce ban yarda ba, amma sai da na huda fatar a kusurwar ƙasa ta hagu, wurin da nake ƙoƙarin fitar da shatin yatsun yaron nan da ya riga ya fita. Faɗin wurin kamar kwabo. Baba ka faɗa, ban ji ba.

Guntaye bakwai na ɓata kafin in samu launi. Na farko ya yi ja kamar an zuba zoɓo. Na uku ya yi duhu har zanen ya ɓace. Wanda ban sa wa tsinkakkiyar sila ba ya fito kamar fatar damisa, na ajiye shi don in riƙa nuna wa masu gardama. Na shida da daddare na rantse shi ne, gari ya waye na ɗora a kan teburin na ga ya fi shi kore-kore. Na bakwai, ja siriri ya kwana, ruwan ƙasa a kai na goge bayan minti biyar, shi muka bi. Mai feshin ya ce a bar siten ɗin ya yi kwana uku kafin ya ɗora komai tunda na mai ne, na ga kamar jan rai ne amma na yi shiru. Ya fesa wa filawud ɗin mai kala hannu uku yana kara guntun a jiki yana dubawa, sannan ya bi firam ɗin ma da hannu ɗaya mara nauyi don su haɗu, ya rufe duka da wanda ba ya ƙyalli sosai. Wannan na ƙarshen shawararsa ce, ya ce tsohon tebur ba ya walƙiya, in kanta tana walƙiya ko kala ta zo ɗaya ba za su yi kama ba.

Daga bakin ƙofa in ka shigo za ka ce 'yan gida ɗaya ne. In ka matso kusa ka san malaina malaina ce, babu wannan zurfin da ke cikin maɗacin. Na yarda da haka. Kusurwar da na huda na jingina mata jakar kwamfuta.

Ɗan Majema, ban bar taka ba. Akwai wata kujera 'yar tsuguno a kicin da ba a taɓa shafa mata komai ba, na wanke ta na goge na yi mata bagaruwa da ruwan ƙusa. Yara suka kewaye ni suna ihu wai Baba yana sihiri. Ta yi baƙi wuluk, yanzu Maman Safiyya ta hana a zauna a kanta a gaban murhu.

Saura abu ɗaya. A mahaɗar hawa na uku ta dama akwai wani ɗan wuri kamar ƙwayar wake biyu da ya ƙi shan launi, gulu ne da ya tsere mana duk da gwajin ruwan. Feshin ya ɗan rage haskensa amma ni kullum idona a kansa yake sauka. Sai an sake kankare wurin?

Tsohon Kafinta, Na'ibawa:

A'a, kar ka kankare, garin gyaran gira za ka rasa ido. Ka koma wurin mai feshin ya ɗan tsiyaya maka ragowar mai kalar a murfin kwalba. Ka samu buroshin zane na 'yan makaranta, mafi siriri, ka tsoma bakinsa kawai, ka ja layi-layi ƙanana bin jijiya, kar ka cika wurin lokaci ɗaya kuma kar ka koma kan wanda bai bushe ba, don zai ɗago na ƙasa. Ka ba shi rabin awa, ka ja da baya taku uku ka duba, in da saura ka ƙara. Sau biyu ko uku ya isa. Ka tsaya tun yana ɗan fi kewayensa haske, domin ɗigo mai duhu ya fi mai haske kama ido.

Haka za ka yi wa kusurwar filawud ɗin ma, sai ka ɗauke jakar kwamfutar.